FASHIN BAƘI: Izinin da doka ta wajabta kafin a haƙa kwamin ninƙaya a gida

A da, kwamin ninƙaya abu ne da aka sani a manyan otal-otal da gidajen jakadu da ƴan tsirarun gidaje a Maitama da Asokoro. Yanzu ya shiga tallar rukunin gidaje a Guzape da Katampe da Jahi da Gwarimpa, ya kuma isa Nasarawa GRA a Kano da Unguwar Rimi a Kaduna. Da yawa daga masu haƙa shi na ɗaukar sa kamar shuka fulawa ko shimfiɗa tayil a tsakar gida: fili nasu ne, kuɗi nasu ne, don haka babu wanda za a tambaya.

Doka ba ta kallon lamarin haka. A idonta kwami gini ne, yana buƙatar izini kamar yadda ɗaki ko bene ke buƙata. Kuma abin da ke rataye da wannan izini ya wuce takarda: akwai dukiyar mai gida da katafila za ta iya bi ta kai, akwai katangar maƙwabci da harsashin gininsa, akwai ruwan unguwa, akwai kuma ran yaron da bai iya iyo ba. Wannan bayani ya ɗauki Abuja a matsayin misali, tare da nuna inda jihohi suka bambanta.

Me ya shigar da kwami hurumin hukuma?

Dokoki biyu ne tushen maganar. Ta farko ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A Babban Birnin Tarayya ƙasar ta Gwamnatin Tarayya ce, Ministan Abuja ke gudanar da ita. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani na wani wa'adi, yawanci shekara 99, bisa sharuɗɗan da ke cikin takardar mallaka da aka fi sani da C of O. Daga cikin sharuɗɗan da aka saba rubutawa a takardar akwai cewa ba za a yi gini ko ƙari a filin ba sai da zanen da hukuma ta amince da shi.

Ta biyu ita ce Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992, wadda ta fito a matsayin dokar soja mai lamba 88 a zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka yi mata gyara a 1999. Sashe na 28 ya wajabta samun amincewar sashen kula da gine-gine kafin a taɓa fili da kowane irin aikin raya shi. Dokar ba ta tsaya lissafa nau'o'in gini ɗaya bayan ɗaya ba. Ta ba aikin raya fili ma'ana mai faɗi, wadda ta haɗa da gini da aikin injiniya da haƙa, a kan ƙasa ko a samanta ko a ƙarƙashinta, har da rushe gini da sare bishiyoyi da sauya amfanin fili ta hanyar da za ta shafi muhalli. Ramin da aka haƙa, aka ɗaure da rodi, aka zuba masa kankare, aka ja masa bututu da wayar lantarki, ya faɗa cikin wannan ma'ana ta kowace fuska.

Dokar ba ta ware gwamnati ba. Ta ce ma'aikatu da hukumomi su ma sai sun nemi izini kafin su yi gini. Kwamin da aka haƙa a gidan gwamnati da kuɗin jama'a yana ƙarƙashin ƙa'idar da ta hau kan na ɗan kasuwa.

Wace hukuma ake tunkara?

Amsar ta danganta da inda filin yake, kuma dalilin hukunci ne na Kotun Ƙoli. A watan Yunin 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, kotun ta yanke cewa tsara birane da bayar da izinin gini hurumin jihohi ne, Majalisar Tarayya na da ikon yin doka a kai ne a Abuja kawai. Tun daga nan dokar 1992 ta zama dokar Abuja kai tsaye, jihohi kuma kowace na aiki da tata, ko da yake yawancinsu sun bi sahun ta tarayya a tsari.

A Abuja, Sashen Kula da Gine-gine da ke ƙarƙashin hukumar gudanar da birnin, wato AMMC, shi ke karɓar zane ya bayar da izini, shi ke shafa jan fenti, shi kuma ke rushewa. Bayanan fili da tabbatar da sahihancin takarda suna wajen AGIS. A Kano hukumar KNUPDA ce ke bayar da izinin gini, KANGIS na riƙe da bayanan filaye. A Kaduna akwai KASUPDA da KADGIS. Legas ta raba aikin gida biyu: LASPPPA na bayar da izini, LASBCA na sa ido a kan aikin ginin kansa.

Abin lura shi ne takardar sayen fili daga mai unguwa ko dagaci, ko rasit ɗin wani ofishin ƙaramar hukuma, ba ta maye gurbin izinin waɗannan hukumomi a yankin da ke ƙarƙashin ikonsu. Haka nan amincewar shugabannin rukunin gidaje. Ana iya buƙatar ta, amma ƙari ce a kan izinin hukuma.

Takardun da ake nema

Jerin na ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, kuɗin da ake biya kuma na sauyawa, don haka a ofishin hukumar ake karɓar lissafin da ke aiki a ranar. Amma ginshiƙan ba sa sauyawa:

Shaidar mallaka. Takardar C of O ko takardar ba da fili, da taswirar filin wadda safiyo mai rajista ya fitar. Wanda ya sayi gida daga wani na buƙatar shaidar cewa an yi wa cinikin rajista. Ɗan haya ba shi da ikon nema da sunansa sai da rubutaccen yardar mai gida.

Shaidar biyan harajin fili. A Abuja wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Maris na 2025 hukumar birnin ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda bashin harajin fili na shekaru. Wanda takardarsa ke cikin matsala ba shi da abin da zai kafa neman izini a kai.

Zanen gini. Mai zanen gini mai rajista da ARCON zai nuna tsawon kwamin da faɗinsa da zurfinsa, da inda yake a cikin filin, da tazararsa daga gida da katanga da sokawe, da ɗakin injin tace ruwa.

Zanen injiniya da lissafinsa. Injiniya mai rajista da COREN zai fayyace kaurin bango da daɓe, girman rodi da tazararsa, ƙarfin kankare, da yadda za a hana yoyo. Hatiminsa a kan zanen na nufin ya ɗauki alhakin aikin.

Zanen bututu da na lantarki. Inda ruwa zai shigo, inda zai fita, da yadda wuta za ta isa injin da fitilu.

Rahoton gwajin ƙasa, da rahoton nazarin wurin daga masanin tsara birane mai rajista da TOPREC, idan hukumar ta nema.

Izinin ginin asali. Idan gidan ya riga ya tsaya, hukuma za ta nemi ganin zanen da ta amince da shi tun farko. A nan ne wasu ke cijewa, domin neman izinin kwami na iya tona cewa gidan kansa ya saɓa wa zanensa, ko kuma ba shi da izini sam.

Cikakken rahoton tasirin aiki ga muhalli kuwa dokar 1992 ta wajabta shi ne ga manyan ayyuka, kamar filin gidaje da ya haura hekta biyu ko babban wurin shaƙatawa. Kwamin gida ɗaya bai kai nan ba, amma na rukunin gidaje ko na otal na iya kaiwa.

Nauyin da ido ba ya gani

Dalilin neman injiniya lissafi ne mai sauƙi. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan ɗaya ne. Kwami matsakaici mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi na ɗaukar lita 48,000, wato tan 48, ban da nauyin kankaren. Wannan nauyi na danna ƙasa dare da rana, ruwan kuma na tura bangon ta ciki yayin da ƙasa ke tura shi ta waje.

Irin ƙasar da aka haƙa shi a kai ce ke yanke hukunci. Baƙar laka da ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa na kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma takan fasa kankaren da ba a tsara shi don ita ba. A fadama, ko a irin Lekki ta Legas inda ruwan ƙasa ke kusa, kwamin da aka kwashe wa ruwa na iya ɗagowa kamar kwalekwale saboda ruwan da ke tura shi daga ƙasa. A kan tsaunukan Guzape da Katampe matsalar dutse ce da gangare: kwamin da ke yoyo a gidan sama na jiƙa ƙasar da katangar gidan ƙasa ke tokare da ita. Fasa dutse da nakiya kuma na da nasa izinin daban a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa. Mazauna Mpape ba su manta girgizar ƙasar Satumban 2018 ba, wadda ta sa hukuma ta dakatar da fasa dutse a yankin na wani lokaci.

Kwamin saman bene ya fi kowanne haɗari idan ba a tsara ginin da shi tun daga harsashi ba. Ruwa mai zurfin mita ɗaya na ɗora tan ɗaya a kan kowace murabba'in mita, alhali daɓen benen gidan zama akan tsara shi ne don ɗaukar kusan kilo 150 zuwa 200 na mutane da kaya a wannan fili. A garin Surfside na jihar Florida a Amurka, wani dogon bene ya rufta ranar 24 ga Yunin 2021, mutum 98 suka mutu. Masu binciken gwamnatin tarayyar ƙasar sun gano cewa daɓen da ke kewaye da kwamin ginin bai cika ƙa'idar ƙarfi ba, kuma alamu sun nuna daga nan ruftawar ta faro.

Inda ba a haƙawa

Mallakar fili ba ta nufin kowane taku a cikinsa na ginuwa. Kowace hukuma na da tazarar da ake bari tsakanin gini da iyakar fili. A Legas, alal misali, ƙa'idar gidajen zama a mafi yawan unguwanni ita ce mita 6 a gaba, mita 3 a baya da kowane gefe. Akwai kuma iyakar kason filin da aka yarda a rufe da gini ko kankare, domin ruwan sama ya samu inda zai nutse. Jami'in da ke duba zane ne zai faɗi yadda waɗannan ƙa'idoji suka hau kan kwami a wannan unguwa.

Wasu wuraren kuwa haramtattu ne ko da suna cikin katanga. A tsofaffin gundumomin Abuja, bututun ƙazanta da ke zuwa matatar Wupa na ratsa bayan filaye da dama, kuma gini a kansa na daga dalilan rusau da aka fi sani a birnin. Haka bututun ruwan sha da na gas. Ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ƙa'idojin da hukumar NERC ta fitar a 2015 sun ware hanya mai faɗin mita 50 ga layin kilobolt 330, mita 30 ga na 132, mita 11 ga na 33 da na 11. Sai hanyar ruwa. Ambaliyar da ta mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023, har hukumar Abuja ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, ta sake nuna abin da ke biyo bayan matse kwari da rafi da gine-gine.

Bayan an miƙa takardu

Jami'ai kan ziyarci filin su gwada abin da ke zane da abin da ke ƙasa, sannan ƙwararrun sashen su duba zanen, a fitar da kuɗin da za a biya. Kuɗin ana biyan sa ne a asusun gwamnati a karɓi rasit. Duk wanda ya ce a ba shi a hannu don ya gaggauta fayil, to ba izini yake sayarwa ba.

Dokar 1992 ta ba mai nema kariya uku da ya kamata a sani. Sashen ba zai jinkirta yanke shawara fiye da wata uku ba. Idan ya ƙi amincewa, sai ya bayar da dalili a rubuce. Wanda bai gamsu ba kuma na iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta tsara birane. Izinin da aka bayar na aiki ne na shekara biyu. Idan ba a fara aiki a cikin wa'adin ba, sai an sabunta shi.

Izini kuma na abin da aka zana ne kaɗai. Wanda aka amince masa da zurfin mita ɗaya da rabi ya haƙa biyu da rabi, ko ya matsar da kwamin jikin katanga, ya fita daga inuwar takardarsa. Shi ya sa hukumomi ke neman a kira su duba a matakai: lokacin da aka ja igiyar awo, lokacin da aka ɗaure rodi kafin a zuba kankare, da bayan an kammala. Da zarar kankare ya rufe rodi, babu mai iya ƙirga shi da ido.

Idan aka haƙa ba izini

Dokar ta jera matakai. Akwai umarnin dakatar da aiki, akwai sanarwar saɓa ƙa'ida wadda za ta iya neman mutum ya kawo zane a daidaita, ko ya gyara, ko ya mayar da filin yadda yake a da. Akwai sanarwar rushewa ga ginin da ke da haɗari ga mazauna ko jama'a, kuma hukuma na iya neman mai ginin ya biya kuɗin rusau ɗin. Ginin da aka yi ba izini ba shi da hujjar neman diyya.

Mazauna Abuja sun san wannan iko tun zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i ya riƙe birnin daga 2003 zuwa 2007, sun kuma sake ganin sa tun da Nyesom Wike ya karɓi ma'aikatar a watan Agustan 2023. Ƙorafin da aka daɗe ana yi shi ne katafila ta fi sanin hanyar unguwannin marasa ƙarfi. Kwami kuwa yana bayan doguwar katanga, a gidan da jami'i ba ya shiga sai an buɗe masa ƙofa. Amma katanga ba ta rufe sama. A 2022 hukumar harajin Faransa ta yi amfani da hotunan sama da manhajar kwamfuta ta gano kwamaye sama da 20,000 da ba a bayyana ba a gundumomi tara kacal. AGIS da KADGIS da KANGIS duk hukumomi ne da aikinsu ya ginu a kan taswira da hoton sama. Gano kwamin da ba shi a fayil ba ya gagarar fasaha. Abin da ake buƙata niyya ce.

Ruwan daga ina, zuwa ina?

Lita 48,000 daidai take da jarka 1,920 mai cin lita 25, irin wadda ƴan ga-ruwa ke turawa a kura. Idan aka ɗauki lita 50 a rana ga mutum ɗaya, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kallo a matsayin matsakaicin wadata, cika kwamin sau ɗaya ya kai ruwan iyali mai mutum takwas na wata huɗu. Ga kuma abin da rana da iskar hunturu ke sha: idan ruwan ya ragu da milimita 5 a yini, an rasa lita 160.

Wanda zai cika daga famfon gwamnati yana jan ruwa ne daga madatsar Usuma a Abuja, ko matatun Tamburawa da Challawa a Kano, inda unguwanni da dama ke kwana da wuni ba ɗigo. Wanda zai haƙa rijiyar burtsatse kuma, Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba mai haƙƙin fili damar ɗibar ruwan ƙarƙashin ƙasa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi da ban-ruwan gonarsa, amma amfani na kasuwanci na buƙatar lasisi, kuma jihohi na da nasu ƙa'idojin haƙa. Ruwan ƙasa bai san katanga ba: burtsatse mai zurfi da injin mai ƙarfi na iya ƙafar da rijiyar maƙwabci.

Fitar da ruwan ma na cikin abin da ake dubawa a zane. Ruwan kwami na ɗauke da sinadarin kulorin, kuma sakin dubban litoci lokaci guda a kwatar unguwa ko kan titi na cin kwalta ya shiga gidajen mutane. A Abuja hukumar kare muhalli ta AEPB ce ke da hurumi a nan, a jihohi kuma ma'aikatun muhalli da duba-gari. Kwamin da aka yi watsi da shi, injin ya mutu, ruwan ya yi kore, ya zama gidan sauro a ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Duba-gari na da ikon ba mai irin wannan gida sanarwar gyara.

Wuta a bakin ruwa

Jiƙaƙƙen jiki ba ya jure wutar da busasshe zai iya tsira daga gare ta. Ƙa'idar lantarki ta ƙasa da ƙasa ta taƙaita fitilun cikin ruwa ga wuta mai rauni da ba ta wuce bolt 12 ba, ta hana soket na yau da kullum a cikin mita 2 daga bakin kwami, ta wajabta haɗa duk ƙarafan da ke kewaye da waya ɗaya zuwa ƙasa, da sanya na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa. A gidajenmu da ake sauya wuta tsakanin ta kamfani da janareta da sola, dole kariyar ta yi aiki a kan kowace hanya. Hukumar NEMSA ce ke ba masu haɗa wuta shaidar ƙwarewa, kuma mai gida na da damar neman ganin wannan shaida kafin ya ba da aiki.

Shinge: inda takarda ta gaza

Duk abin da aka lissafa a sama na kare fili da gini. Abin da ke kare yaro shi ne shinge. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2024 ya ƙiyasta cewa mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ƙaramin yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, kuma mintuna kaɗan ba numfashi sun isa su lalata ƙwaƙwalwa.

Ƴan Najeriya sun ji wannan raɗaɗi a bainar jama'a sau biyu: a Yunin 2018 lokacin da ɗan mawaƙi D'banj ya rasu a kwamin gida a Ikoyi, da ƙarshen Oktoban 2022 lokacin da ɗan Davido mai shekara uku ya rasu a irin wannan hali a Banana Island. Gidaje ne masu katanga da masu gadi da masu aiki. Katangar waje na hana baƙo shiga, amma ba ta raba yaron gida da ruwan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce shingen da ya kewaye kwamin ta ɓangare huɗu, ya raba shi da gidan, na rage haɗarin nutsewar yaro da kashi 83 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda ya bar ɓangaren gidan a buɗe.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan doka mai hukunci. A Faransa, dokar 3 ga Janairun 2003 ta wajabta wa mai kwamin da aka haƙa a ƙasa ɗaya daga abubuwa huɗu: shinge, ƙararrawa, murfi ko rumfar da ke rufe shi, kuma tarar saɓawa ta kai yuro 45,000. A jihar New South Wales ta Ostireliya, duk kwamin da zai iya ɗaukar ruwa mai zurfin fiye da santimita 30 sai an kewaye shi da shinge mai tsayin mita 1.2, wanda ratarsa ba ta wuce santimita 10 ba, da ƙofa mai buɗewa waje wadda ke rufe kanta ta kulle. Ana yi wa kwamin rajista, kuma ana neman takardar shaidar duba shi idan za a sayar da gidan ko a ba da haya.

Najeriya na da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, amma shekara da shekaru ƙungiyoyin ƙwararru na kokawa cewa ba shi da dokar da ke tilasta aiki da shi a faɗin ƙasa, kuma bayan hukuncin 2003 majalisun jihohi ne ke da wuƙa da nama. Sai dai hukumomin ba sa buƙatar jiran sabuwar doka kafin su motsa, domin izinin gini na zuwa ne da sharuɗɗa. Hukumar da ta ga dama za ta iya ƙin buga hatimi a kan duk zanen kwamin da bai nuna shinge da ƙofa mai kulle kanta ba. Kafin a kai nan, mai gida zai iya sa mai zanensa ya shigar da su, tare da murfin magudanar ƙasan kwami wanda ba ya tsotse gashi ko gaɓar yaro, da alamar zurfi, da daɓe marar santsi.

Idan kwamin gida ya zama kasuwa

Wani salo da ya yaɗu shi ne a ba da hayar gida mai kwami don biki, ko a riƙa karɓar kuɗin shiga a ƙarshen mako. Takardar mallaka ta fayyace amfanin da aka ba da fili dominsa. Mayar da gidan zama wurin kasuwanci sauya amfani ne, yana buƙatar izini na daban, kuma saɓa sharaɗin takarda na daga dalilan da sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna damar soke haƙƙin mallaka a kansu. Wurin da jama'a ke biya su shiga kuma nauyin da ke kan mai shi ya ƙaru: mai ceto a bakin ruwa, da gwajin ruwa a kai a kai don a tabbatar kulorin ya isa.

Haƙƙin maƙwabci da na ɗan ƙasa

Maƙwabcin da ya ga ana haƙa rami jikin katangarsa na iya rubuta koke ga hukumar tsara birane, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya ɗauki hoton katangar kafin ta tsage. Idan ɓarna ta auku, kotu a buɗe take. Akwai tsohuwar ƙa'idar shari'a daga Ingila, ta ƙarar Rylands da Fletcher ta 1868, wadda kotunan Najeriya suka yi aiki da ita: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ta hanyar da ba a saba ba, ya kuɓuce ya yi wa wani ɓarna, shi ke biya. Asalin ƙarar ma a kan ruwan da aka tara ne ya fashe ya shiga ramin haƙar kwal na maƙwabci. Izinin hukuma ba ya wanke mai gida daga alhakin sakaci.

Ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya kuma na da Dokar Ƴancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta shafi jihohi. Hukuma na iya ɓoye bayanan sirrin mutum, amma tambayoyi irin su izinin kwami nawa ta bayar a shekara, nawa ta ƙi, nawa ta duba bayan kammalawa, da ko shinge na cikin sharuɗɗanta, ba sirrin kowa ba ne. Haka kuɗin da aka ware a kasafi don gina ko gyara kwami a gidajen gwamnati, da ko aikin ya bi ta sashen kula da gine-gine kamar yadda doka ta ce.

Akasarin yaran da ruwa ke ci a Arewa ba a kwamin masu hali suke mutuwa ba. A kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasa suke faɗawa, da rijiyoyi marasa murfi, da ramukan gini da aka bari ruwan sama ya cika, kamar yadda sanarwar hukumar kashe gobara ta Kano ke nunawa kusan kowace damina. Hukumar da ke da ikon cewa a kewaye kwami ita ce dai ke da ikon cewa a kewaye ramin harsashi ko a cike kududdufi. Wanda zai tambaye ta game da na farko, ya haɗa da na biyun a takarda ɗaya.